Jijiyar Aro: Tarihin Ɗinke Hanyar Jini da Abin da Ya Rage wa Kano

A bakin Ƙofar Mata, 'yan taku kaɗan daga tsohuwar marinar da Kanawa ke alfahari da ita, nan Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad yake. An kafa shi a ƙarshen shekarun 1920, farkon sarautar Sarki Abdullahi Bayero, a matsayin asibitin birni na hukumar En'e, sai bayan kisan Janar Murtala a 1976 aka sa masa sunan da yake amsawa a yau. Ɗakunansa, da na Asibitin Ƙashi na Dala wanda aka buɗe a 1959, sun sha jin magana mai nauyi da likita kan faɗa wa dangin majinyaci: wannan ƙafa sai an yanke ta.

Mafi yawan lokuta jini ne ke jawo wannan hukunci. Idan hanyar da ke kai jini ƙafa ta toshe ko ta tsinke, naman da ke ƙasa yakan fara mutuwa cikin sa'o'i kamar shida, daga nan sai ruɓa ta biyo baya. Tarihin tiyatar hanyoyin jini, daga farkonsa har yau, tarihi ne na neman wata amsa da za a ba dangi maimakon wuƙa. Ɗaya daga cikin amsoshin da aka samo tana da ban al'ajabi: a ciro jijiya daga jikin wanda ya riga mu gidan gaskiya, a daskarar da ita, a ajiye ta shekaru, ranar buƙata a narkar da ita a ɗinka wa mai rai.

Kalma ɗaya, hanyoyi biyu

A Hausa, kalmar jijiya jakar magori ce. Da ita ake kiran hanyar jini, da ita ake kiran zaren da ke kai saƙon ji da motsi, da ita kuma ake kiran igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi. A wannan bayani hanyoyin jini ake nufi, su ma kuma iri biyu ne. Akwai jijiyar kai jini, wadda ke ɗauke shi daga zuciya zuwa gaɓoɓi. Bangonta mai kauri ne, yana miƙewa yana komawa, kuma ita ce ake jin bugunta a wuyan hannu. Akwai kuma jijiyar dawo da jini, mai siririn bango, wadda ake gani kore-kore a bayan hannu. A cikinta akwai 'yan ƙyamare masu buɗewa ta fuska ɗaya, don kada jini ya koma ƙasa.

Bambancin da ya fi damun likitan tiyata shi ne wannan: jijiyoyin kai jini ƙidayayyu ne, kusan kowacce da yankin da ya dogara da ita, amma na dawo da jini suna da rara. Mafi tsawonsu a jikin ɗan Adam ita ce wadda ta taso daga cikin idon sawu ta bi ta ƙarƙashin fata har gindin cinya. Ana iya cire ta ɗungurungum ƙafa ta ci gaba da aiki, domin wasu jijiyoyi na can ciki sukan ɗauki nauyinta. Wato Allah ya yi wa kowane mutum guzurin bututu biyu, ɗaya a kowace ƙafa.

Kafin allura

An yi dubban shekaru ba a san yadda za a amfana da wannan guzuri ba. Abin da masu magani suka iya shi ne tsayar da jini. A Andalus, Abul Ƙasim al-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana ƙuna da ƙarfe mai zafi da kuma ɗaure jijiya da zare a littafinsa Al-Tasrif. A Faransa, Ambroise Paré ya farfaɗo da ɗaurin a fagagen yaƙi na ƙarni na 16. A ƙasar Hausa, wanzamai da maɗora suna da nasu dabarun: matsewa, ɗauri, da barbaɗa garin bagaruwa mai ƙanƙance rauni. Duk waɗannan hanyoyi tushensu ɗaya, a toshe kafar da jini ke zuba. Rai kan tsira, amma idan babbar jijiya aka ɗaure, gaɓar da take shayarwa sau da yawa takan bi ruwa.

Wuƙar Lyon da allurar masu surfani

Ranar 24 ga Yuni, 1894, wani matashi ɗan Italiya ya daɓa wa shugaban Faransa, Sadi Carnot, wuƙa a birnin Lyon. Wuƙar ta yanke babbar jijiyar da ke shiga hanta. Manyan likitocin birnin suna tsaye a kansa jini ya ƙare masa, don babu wanda ya san yadda ake ɗinke irin wannan jijiya. A garin akwai ɗalibin likitanci mai kimanin shekara 20, Alexis Carrel, wanda abin ya tsaya masa a rai.

Lyon gari ne na siliki da saƙa, kamar yadda Kano take garin rini da ɗinki. Ana ba da labarin cewa wurin wata gwanar surfani Carrel ya koyi sarrafa allura mafi ƙanƙanta da zare mafi siriri. A 1902, shekara guda kafin sojojin Ingila su fasa ganuwar Kano, ya wallafa dabararsa. Yakan kafa zare uku a bakin jijiyoyin da zai haɗa, ya ja su har zagayen bakin ya zama mai kusurwa uku, sannan ya ɗinke kowane gefe a miƙe. Duk maɗinkin hula zai gane hikimar: layi miƙaƙƙe ya fi zagaye sauƙin bi.

Daga nan ya ƙaura Amurka. A Chicago, tare da Charles Guthrie, ya gwada a jikin karnuka cewa jijiyar dawo da jini tana iya zama a gurbin ta kai jini, har bangonta ya yi kauri ya saba da ƙarfin bugun zuciya. A Cibiyar Rockefeller ta New York kuma ya ajiye guntayen jijiyoyi cikin sanyi na kwanaki da makonni, ya dasa su, jini ya bi ta ciki. An ba shi kyautar Nobel a 1912. Ƙarshen rayuwarsa bai yi kyau ba: ya rungumi aƙidar tace jinsin ɗan Adam, ya yi aiki ƙarƙashin gwamnatin Vichy lokacin mamayar Jamus, har a 1996 jami'ar Lyon ta cire sunansa daga makarantar likitancinta. Amma tambayoyi biyun da wannan fanni ya ginu a kansu, yadda za a ɗinka da yadda za a ajiye, shi ya fara shimfiɗa su.

A jikin mutum kuwa, José Goyanes na Madrid ya maye gurbin jijiyar bayan gwiwa da maƙwabciyarta ta dawo da jini a 1906, Erich Lexer na Jamus ya yi makamancin haka da doguwar jijiyar ƙafa a 1907. Aikin bai yaɗu ba, saboda jini yakan daskare a wurin ɗinkin, rauni kuma yakan yi ƙwari. Sai da maganin hana daskarewar jini na hefarin da magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka samu, a shekarun 1930 da 1940, ƙofa ta buɗe.

Abin da yaƙi ya koyar

A 1946 Michael DeBakey da Fiorindo Simeone suka tattara bayanan raunukan jijiyar kai jini guda 2,471 na sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu. Inda aka yi ɗauri, kusan rabin gaɓoɓin yanke su aka yi. A yaƙin Koriya, tsakanin 1950 da 1953, likitocin soja suka koma ɗinki da dashe, wani lokaci da jijiyar mai raunin, wani lokaci da wadda aka ciro daga sojan da ya mutu. Yanke gaɓa ya sauko zuwa kimanin kashi 13 cikin 100.

Tsakanin yaƙoƙin biyu, a 1948, Jean Kunlin ya yi wani aiki a Paris wanda har yau shi ne ma'auni. Maimakon ya cire wurin da ya toshe a cinyar majinyaci, sai ya kewaye shi. Ya ciro doguwar jijiyar ƙafa, ya juya ta kai ƙasa don 'yan ƙyamarenta su bi jini, ya ɗinka baki ɗaya sama da toshiyar, ɗaya ƙasa da ita, kamar yadda ake yi wa mota hanyar ratse idan gada ta karye. Da wannan jijiya ce René Favaloro ya kewaye toshewar jijiyoyin zuciya a Cleveland a 1967.

Kano ta ga irin raunukan fagen fama a tsakiyar birninta. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba, 2014, harin bam da harbi a Babban Masallacin birni ya kashe mutum fiye da 100, aka kwashi masu rauni zuwa asibitin Murtala da sauran manyan asibitoci. A irin wannan rana, idan ɓarɓashin ƙarfe ya tsinka jijiyar cinya, darasin Koriya ne ke aiki: a yi sauri, a ciro jijiya daga ƙafar da ta tsira, a haɗa hanya kafin sa'o'in su ƙare.

Rumbunan farko da zuwan yadi

Matsalar ita ce ba kowa ke da jijiyar da za a ciro ba, kuma doguwar jijiyar ƙafa ta yi wa babbar jijiyar ciki ƙanƙanta. Nan aka waiwayi mamata. A 1948 Robert Gross na Boston ya fara dasa jijiyoyin kai jini da aka adana. A 1951 Charles Dubost ya cire kumburarriyar babbar jijiyar cikin wani mutum a Paris, ya maye ta da wadda aka ciro daga wata matashiya da ta rasu makonni uku kafin nan. Manyan asibitocin Turai da Amurka suka shiga kafa rumbunan jijiya.

Murnar ba ta daɗe ba. Bayan 'yan shekaru jijiyoyin aron suka fara taurarewa, wasu suka kumbura, wasu suka fashe. A daidai lokacin sai ga abokin gasa daga masaƙa. Arthur Voorhees ya nuna a 1952 cewa bututun yadin roba yana iya ɗaukar jini, DeBakey kuma ya ɗinka nasa na farko da yadin Dacron a kan keken ɗinkin matarsa. Yadi ba ya ƙarewa, ba ya bukatar izinin magada, ana samunsa kowane awo. Zuwa shekarun 1960 yawancin rumbunan sun rufe.

Yadi ma da nasa aibi. A manyan jijiyoyi yana aiki sarai, amma a ƙananan da ke ƙasa da gwiwa yana saurin toshewa. Mafi muni, idan ƙwayoyin cuta suka kama shi sukan yi gida a saƙarsa inda magani ba ya isa, sai dai a cire shi. Mai ciwon sukari da gyambo a ƙafa, wanda jijiyarsa ta lalace ko aka riga aka yi amfani da ita a zuciya, ya zama ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko.

Sanyin da ba ya kisa

Abin da ya dawo da jijiyar aro daga wani fanni ya fito. Ƙanƙara na kashe ƙwayoyin halitta ne saboda ruwan jikinsu yakan zama tsinin ƙanƙara, gishirin da ya rage kuma ya yi yawa ya ƙona su. A 1949, a wata cibiyar bincike a London, Christopher Polge da Audrey Smith da Alan Parkes suka gano cewa gilisarin na kare maniyyin zakara daga wannan ɓarna, kuma kuskuren laƙabin kwalba ne ya kai su ga ganowar. Masu kiwon shanu ne suka fara cin moriyar abin. A 1959 aka gano wani sinadarin, DMSO, wanda ya fi saurin ratsa nama.

A kan wannan ilimi aka gina tsarin yau. Ana ciro jijiyar cikin sa'o'i bayan rasuwa, galibi ba a wuce kwana ɗaya ba. Ana gwada jinin mamacin don kauce wa cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta da makamantansu. Ana jiƙa jijiyar a maganin kashe ƙwayoyin cuta, a zuba mata sinadarin kariya, sannan na'ura ta riƙa sauke zafinta a hankali, kimanin digiri ɗaya a minti. Daga nan sai a ajiye ta a tururin ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri. A can komai na rayuwa tsayawa yake, jijiya ta yi shekaru tana jira. Narkarwa ma da ƙa'idarta, domin gaggawa na iya tsattsaga ta kamar tangaran. Kamfanin CryoLife, wanda aka kafa a Amurka a 1984, da rumbun haɗin gwiwar Turai da ke Brussels tun ƙarshen shekarun 1980, suna cikin waɗanda suka mayar da wannan aiki sana'a mai tsari.

Kayan aro ba ya rufe katara

Sakamakon ya zo da fuska biyu. Wani nazari da likitocin asibitin Cedars-Sinai na Los Angeles suka wallafa a 2003, kan dashe 240, ya nuna cewa bayan shekara guda kimanin kashi 30 cikin 100 ne kawai na jijiyoyin ke buɗe ba tare da an sake taɓa su ba. Daskarewa na lalata santsin shimfiɗar ciki, garkuwar jiki kuma tana gane baƙo ta yaƙe shi. Amma a nazarin nan dai, kimanin kashi 80 cikin 100 na ƙafafun suna nan ba a yanke ba bayan shekarar.

Dalili shi ne buɗaɗɗen gyambo ya fi lafiyayyar fata bukatar jini nesa ba kusa ba. Idan jijiyar aro ta yi watanni tana aiki har gyambon ya warke, ko ta toshe daga baya ƙafa na iya rayuwa da ɗan jinin da ƙananan hanyoyi ke kawowa. Lokaci take saya wa majinyaci. Ga shi kuma tana jure wurin da ya kamu da ƙwayoyin cuta fiye da yadi. Shi ya sa likitoci suka ajiye ta a matsayin makami na ƙarshe, bayan jijiyar mutum ta kansa.

Akwai wani tarko da ya shafi Kano kai tsaye. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002. Masu wankin ƙoda na bukatar hanyar jini mai ƙarfi a hannu, kuma a wasu ƙasashe akan sa musu jijiyar aro idan nasu sun ƙare. Sai dai jiki yakan ƙera makaman yaƙar naman baƙo bayan haka, abin da ke wahalar da samun ƙodar da za ta dace da shi gobe. Maganin yau na iya rufe ƙofar gobe.

Sanyi, fatawa, amana

Duk birnin da ke son rumbun jijiya sai ya tanadi abu uku, kuma hannun likita ba ya cikin masu wuyar.

Na farko sanyi. Kano, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ta ƙware wajen kai allurar rigakafi lungu-lungu cikin sanyi, yaƙin shan inna ya koya mata wannan. Sai dai sanyin rigakafi tsakanin digiri 2 ne da 8, tazara mai nisa da na naitirojin. Duk da haka tulun naitirojin ba ya dogara da wutar lantarki, cika shi a kan kari kawai yake so, kuma ba baƙo ba ne a Arewa: da shi masu binciken dabbobi na Shika, kusa da Zariya, suke adana maniyyin bijimai. Akwai ma hanya mafi sauƙi da ake bi a Faransa, inda ake karɓar jijiyoyin da aka cire wa masu rai a tiyatar kumburin jijiyar ƙafa, a zaɓi masu kyau a adana su a sanyin firiji.

Na biyu fatawa da doka. Musulunci ya ba gawa alfarma irin ta mai rai, kuma wasu malamai har yau suna kan hana taɓa ta. Amma Majalisar Manyan Malaman Saudiyya ta halatta dashe daga mamaci a 1982, haka kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1988, bisa sharuɗɗa: rai ko wani muhimmin aikin jiki ya rataya a kai, mamacin ya ba da izini kafin rasuwa ko magadansa su bayar, kuma kada ciniki ya shiga. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta ba ɗan Najeriya damar yin wasiyya da sassan jikinsa, ta kuma haramta sayarwa. Gaggauta jana'iza, yadda Kanawa suka saba, bai ci karo da aikin ba, tunda shi ma gaggawa yake so. Wuyar tana wurin tambaya: wa zai tunkari magada a wannan sa'a, kuma da wane harshe?

Na uku amana, wadda ta fi sauran tsada. Kano ba ta manta da gwajin maganin Trovan da aka yi kan yara 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma wannan tabo yana cikin abubuwan da suka rura ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003. A Amurka ma, a 2005, an bankaɗo wani kamfani a New Jersey da ke satar sassan gawarwaki da takardun izini na jabu. Rumbun da ba a san mai sa masa ido ba, jita-jitar kwana ɗaya ta isa ta rushe shi.

Kafin a kai ga wannan mataki akwai aikin da ya fi araha, ya kuma fi yawan ceto. Likitocin Najeriya sun daɗe suna nuna cewa gyambon ciwon sukari, haɗarin hanya da ɗorin da aka matse fiye da kima suna kan gaba wajen jawo yanke gaɓa, kuma yawancin masu su kan iso asibiti bayan ruɓa ta yi nisa, lokacin da babu jijiyar da za ta yi amfani, ta aro ko ta gado. Duba tafin ƙafar mai ciwon sukari a kowace ziyara, laluben bugun jini a bayan sawu, kwance ɗori da zarar yatsu sun yi sanyi ko sun sauya launi, da horar da ƙarin likitocin da suka iya aikin Kunlin, su ne za su bar wa mafi yawan mutane ƙafafunsu. Ragowar 'yan kaɗan da jijiyarsu ta ƙare su ne masu bukatar rumbu. Shawarar ko za a gina musu shi tana hannun malamai da likitoci da 'yan majalisa, kuma zama ne da ya kamata a yi shi da sanyin safiya, tun kafin majinyaci ya hau gadon tiyata.